Jijiyar da Ba Ta Bi Hanyar Littafi Ba

A makarantarmu ta koyon aikin likita a nan Kaduna, ba a yarda ɗalibi ya kai wuƙa hammatar gawa sai ya iya zana sarƙar jijiyoyin hannu da ka, a allo, 'yan aji na kallonsa. Jijiyoyin laka nake nufi, masu kai wa tsoka umarnin motsi su kuma dawo da ji daga fata, ba na jini ba. Zanen ba shi da wuya in an maimaita shi. Saiwoyi 5 ke fitowa daga lakar wuya da farkon ta gadon baya: C5, C6, C7, C8 da T1. Biyun sama su haɗe, ta tsakiya ta tafi ita kaɗai, biyun ƙasa su ma su haɗe, a samu kututture 3. A bayan ƙashin nan da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa, kowane kututture ya rabu gida biyu, gaba da baya. Rassan nan 6 su sake haɗuwa su zama igiyoyi 3 da suka kewaye babbar jijiyar jini ta hammata: igiyar waje, igiyar ciki da igiyar baya.

Daga igiyoyin ne manyan jijiyoyi 5 ke sauka. Aksilari ta zagaya wuyan ƙashin damtse ta motsa tsokar kafaɗa. Radiyal ta bi ta bayan ƙashin, ita ce mai miƙar da gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu. Alna ta bi ta ciki ta wuce bayan ƙullutun gwiwar hannu, wurin nan da in ka bugi bakin tebur za ka ji tsirrr har ƙaramin yatsa. Midiyan ta sauka tare da jijiyar jinin damtse, ba ta ba kowace tsokar damtse komai, duk aikinta yana can a sangali da tafin hannu. Ta biyar ita ce maskulokutaniyos, wadda zan riƙa ce wa jijiyar tsoka-da-fata: tana fitowa daga igiyar waje, ta huda wata siririyar tsoka mai suna korakobrakiyalis, ta motsa ta, ta motsa ƙwanji da tsokar da ke ƙarƙashinsa, sannan ta ƙare a fatar gefen sangali ta ɓangaren babban yatsa. Mu ɗalibai korako kawai muke ce wa tsokar nan.

Na haddace wannan zane har ina iya yin sa a bayan hannuna da biro a cikin keke, daga Tudun Wada zuwa makaranta. Kuma ina son sa, don komai a cikinsa yana da mazauni.

Kafin shiga ɗakin fiɗa akwai abin da sai da na warware a gida. Umma ba ta so. Hujjarta hadisin Nana A'isha ne, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Kawuna ne ya zauna da ita ya yi mata bayanin cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna batun a 1987, ta halatta fiɗar gawa don koyon likitanci, da sharaɗin a tsaya iya buƙata kuma a binne abin da ya rage. A ɓangaren hukuma kuwa akwai dokar ilimin sassan jiki ta 1933 da har yanzu makarantun Nijeriya ke aiki a ƙarƙashinta, kuma yawancin gawarwakin da ake koyo da su a ƙasar nan na waɗanda ba a samu danginsu ba ne. Umma ta yarda, amma ta kafa nata sharaɗin: duk ranar fiɗa ba zan taɓa tukunya ba sai na yi wanka na sake kaya. Ban yi musu ba, don warin fomalin kaɗai ya isa ya sa mutum ya nemi ruwa.

Dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ma yana da nasa dokokin. Fuskar gawa a rufe take, al'aura a rufe. Ba waya a hannu. Ba raha a kan mamaci. Duk abin da aka yanke, ko ɗan kitse ne, a bokitin teburin zai shiga, kada a haɗa na wannan da na wancan. Gawar da aka ba rukuninmu ta namiji ce, magidanci, siriri, wanda hakan sa'a ce ga mai fiɗa, don kitse shi ne ke ɓoye ƙananan jijiyoyi.

Da hannun dama muka fara. An tsaga fata daga tsakiyar ƙirji, an bi ƙashin da ya gitta zuwa kafaɗa, an sauko ta damtse, an zagaye sama da gwiwar hannu, aka ɗaye ta a hankali. Muka nemo jijiyar jinin nan ta ƙarƙashin fata da ke kwance a kwarin da ke tsakanin tsokar kafaɗa da babbar tsokar ƙirji, muka yanke babbar tsokar muka kifar da ita gefe, muka yi wa ƙaramar da ke ƙarƙashinta haka. Wannan duk aikin haƙuri ne kawai, ido na hawaye, hanci na zuba, fankar sama na juya warin maimakon ta fitar da shi.

Da an shiga hammata sai a ajiye wuƙa. Abin da ake aiki da shi hantsaki ne, da almakashi mai dakusasshen baki, da yatsa. Za ka cusa almakashin a rufe cikin kitse, ka buɗe shi a layin da jijiya ke bi, ka zaro. In ka buɗe a gicciye, ka tsinke abin da kake nema. A nan ne hannu ke koyon abin da hoton littafi ba zai koya masa ba, domin a gawa babu ja da shuɗi da rawaya, komai launin ƙasa-ƙasa ne. Jijiyar da ke mayar da jini zuciya bangonta siriri ne, tana lotsewa, sau da yawa da daskararren jini a ciki. Wadda ke kawo jini daga zuciya in ka matsa ta za ka ji rami a tsakiyarta, ka saki ta koma yadda take. Jijiyar laka ba ta da rami, tana da ƙarfi, in ka duba da kyau za ka ga zare-zare a tsawonta.

Muka janye babbar jijiyar da ke mayar da jini, sai ga wadda ke kawo shi, igiyoyin na manne da ita. Alamar da kowane ɗalibi ke nema a nan ita ce siffar harafin M: ƙafar waje jijiyar tsoka-da-fata, ƙafar ciki alna, tsakiya kuma saiwoyi biyu da suka fito daga igiyar waje da igiyar ciki suka haɗu suka zama midiyan. Mun samu alna ba wahala. Mun samu saiwoyin midiyan, sai dai wadda ta fito daga igiyar waje ta yi sirantar da ta ba ni mamaki, ko rabin kaurin 'yar'uwarta ba ta kai ba. Ƙafar waje ta harafin kuwa babu ita.

Dabarar da ake koya wa kowa ita ce, in ka rasa jijiyar tsoka-da-fata, ka je wurin korako, ka duba gefenta na ciki, za ka ga inda ta shiga. Wannan alama ta tsufa: tun zamanin Kasseriyus, masanin sassan jiki na Jami'ar Paduwa a Italiya wanda ya rasu a 1616, ake danganta tsokar nan da hudawar da jijiyar ke yi mata. Muka share korako tun daga ɗan ƙashin allon kafaɗa da ta rataya a jikinsa har inda ta kama tsakiyar ƙashin damtse. Lafiyarta lau, sumul, babu abin da ya shige ta sai wani ɗan siririn reshe can sama.

Nan take aka fara kallon wani ɗan rukuninmu mai saurin hannu, wanda shi ya share kitsen wurin. Wata ta ce ai ta ga ya jefa wani dogon abu a bokiti. Shi kuma ya rantse bai yanke komai ba. Har an fara tonon bokitin, Baba ya iso.

"'Ya'yana, me ya ɓace?"

"Baba, jijiya ce aka tsinke," in ji mai zargin.

Ya sa safar hannu ya shafa tsokar sama da ƙasa, ya dube ni don ni ke riƙe da hantsaki. "'Yata, in an yanke jijiya, guntu nawa take bari?"

Na ce, "Biyu, Baba."

"To ina na sama, ina na ƙasa? Ku bar bokitin nan, ku kira malaminku."

Malamin da ke zagaya tebura a ranar likita ne da ya koma koyarwa, Dakta muke ce masa. Bai taɓa komai ba da ya zo. Ya ce kafin kowa ya furta cewa jijiya ta ɓace ko ta sauya hanya, sai ya amsa tambayoyi uku. Shin akwai guntu a jikin igiyar waje, inda ya kamata ta fito? Shin akwai rami ko ragowar jijiya a cikin tsokar in an tsaga ta? Sannan ƙwanjin mutumin nan ya shanye ne, ko cikakke ne? Na ukun ne ya fi kama ni. Ƙwanjin a cike yake daidai jikinsa. Tsokar da ba ta samun jijiya kuwa shanyewa take yi. Ke nan mutumin ya yi rayuwarsa yana lanƙwasa hannu yana ɗaukar kaya, saƙo na isa ga tsokar, ta wata hanya dai.

"Ranka ya daɗe, to ta ina za mu nemo ta?" na tambaya.

Ya ce, "Ke kin san inda take zuwa. Fara daga can ki dawo."

Haka muka yi. Muka koma gwiwar hannu, gefen waje na jijiyar ƙwanji mai kama ƙashi, inda reshen fata ke ɓullowa. Yana nan, a inda littafi ya ce. Na ɗaga shi da hantsaki na riƙa binsa sama, tsakanin ƙwanji da tsokar da ke ƙarƙashinsa. A tsakiyar damtse, maimakon ya nufi cikin korako, sai ya karkata ciki, ya bi ta gefen tsokar, ya je ya kwanta a jikin midiyan, tantani ɗaya ya lulluɓe su. Abin da muka ɗauka midiyan ce ita kaɗai, ashe jijiyoyi biyu ne a manne. Raba su ya ci sauran yinin, don tantanin sai an tsaga shi kaɗan-kaɗan da bakin almakashi, kuma kowa ya san in aka yi gaggawa za a ƙirƙiro rabuwar da babu ita, ko a tsinke haɗin da yake akwai.

Da aka gama sharewa, ga abin da ya bayyana. Jijiyar tsoka-da-fata ta fito daga igiyar waje, amma ƙasa da inda aka saba, kuma ta fi kaurin da aka saba. Ba ta huda korako ba ko kaɗan. Ɗan reshen nan da muka gani can sama shi ne rabon tsokar, kai-tsaye daga igiyar waje. Ta sauka kafaɗa da kafaɗa da midiyan, ta ba ƙwanji reshensa, sannan a wajen tsakiyar damtse ta fitar da wani reshe mai kauri da ya gangara a karkace ya shige cikin midiyan. Daga nan ta rame, ta juya waje, ta ba tsokar ƙarƙashin ƙwanji nata, ta wuce fata. Midiyan kuwa a ƙasan wannan mahaɗa ta fi kauri a kan yadda take a sama.

Sai sirantar saiwar nan ta waje ta sami bayani. Zaruruwan da ya kamata su shiga midiyan tun a hammata ba su shiga duka ba. Wasu sun bi jijiyar tsoka-da-fata, sai a tsakiyar damtse suka tsallaka suka koma inda aka nufa da su. Kamar fasinjan Sakkwato ne da bai samu motar garinsu a tashar Kawo ba, ya shiga ta Kano, ya sauka a Kwangila ya canja. Inda za shi bai sauya ba.

Dakta ya tara sauran tebura ya yi bayanin asalin abin. Tohon hannu yana ɓullowa a jikin ɗan tayi a ƙarshen mako na 4, a mako na 5 kuma zaruruwan jijiya su fara kutsawa cikinsa daga laka. Ba bututu aka shimfiɗa musu ba. Bakin kowane zare yana tafiya ne yana bin sinadaran da naman da ke kewaye da shi ke fitarwa, wasu na jawo shi, wasu na kore shi, a daidai lokacin da tsokoki da jijiyoyin jini su ma suke kan samuwa. In jijiyar jini ta riga ta tsaya a wani wuri, ko tsoka ta rabu da wuri ko a makare, sai zaren ya kewaya. Abin da jiki ya fi tsarewa shi ne kowane zare ya isa tsokarsa. Kunshin da ya bi kafin ya isa yana iya bambanta. Shi ya sa mai irin wannan hannu ba ya jin komai, ba ciwo ba ne, ba nakasa ba ce, kuma in ba a buɗe shi ba har ya mutu ba wanda zai sani.

Daga nan aikin ya koma na rubutu, kuma wannan ɓangaren ne na ga ɗalibai sun fi rainawa. Mun ɗaura zare mai launi daban a kowace jijiya, mun zura baƙar takarda a ƙarƙashinsu don su fito. Mun auna komai daga wuri ɗaya, wato ƙarshen ɗan ƙashin allon kafaɗa da korako ta rataya a kai: nisan inda jijiyar ta fito, nisan inda reshen haɗin ya tashi, nisan inda ya shiga midiyan, da tsawonsa. Da zare ake aunawa, a shimfiɗa shi a kan jijiyar, sannan a ɗora a rula, hannun gawar kuma a ajiye shi a buɗe iri ɗaya kowane awo, don in ka matsa shi tsawon ya canja. Hoto da kyamarar sashe aka ɗauka, ba fuska, ba wata alama da za a gane mutumin. Ni aka ba zane. Na zana abin da ke gabana, kuma sau da yawa sai na tsayar da hannuna, don da kansa yake son komawa zanen da ya haddace.

Da daddare na shiga intanet neman ko an taɓa ganin irin wannan. Ashe haɗin jijiyar tsoka-da-fata da midiyan yana cikin bambance-bambancen da aka fi gani a damtse. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Girka, Venieratos da Anagnostopoulou, sun wallafa bincike a 1998 a kan gawarwaki 79. Sun samu haɗin a jikin 16, shida daga ciki a hannu biyu, jimilla haɗi 22. Suka kasa shi gida uku gwargwadon matsayinsa da korako: wanda ya auku kafin jijiyar ta shiga tsokar, guda 9, wanda ya auku bayan ta fito, guda 10, da wanda jijiyar da reshen duk ba su huda tsokar ba, guda 3. Namu na ukun ne. Akwai ma hannayen da jijiyar tsoka-da-fata ba ta samu a matsayin jijiya mai zaman kanta sam, midiyan ce ke raba wa tsokokin damtse rassa. Na ɗan ji sanyin gwiwa da na ga ba mu muka fara gani ba, amma mutum 16 cikin 79 ya fi ba ni abin tunani: kusan ɗaya cikin biyar ke nan. A layin masu jiran likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, inda yayyenmu ke zagayen ɗakunan marasa lafiya, irinsu ba za su rasu ba kowace safiya.

Hannun hagu muka buɗe bayan haka, kowa ya ƙagu. Jijiyar ta fito a inda aka saba, ta huda korako tsaf, ba ta aika wa midiyan komai ba, saiwoyin midiyan biyu kaurinsu ɗaya. Mutum ɗaya, dama daban, hagu daban. Masu binciken Girka ma sun lura cewa ko a waɗanda ke da haɗin a hannu biyu, ba lallai ya zama iri ɗaya ba. Wannan ya kashe wata dabara da na yi zaton za ta yi aiki a asibiti, wato a duba lafiyayyen hannu a san yadda mai ciwon yake.

Wani zai ce, tunda ba ciwo ba ne, ina ruwan likita? Ruwansa yana farawa ranar da za a taɓa wurin. Likitan ƙashi da ke gyaran kafaɗar da ke yawan gocewa, a irin aikin da Latarjet na Faransa ya bayyana a 1954, yana yanke ɗan ƙashin nan da korako ta rataya a kai ya matsar da shi. Ya san jijiyar tsoka-da-fata na shiga tsokar a tazarar santimita 3 zuwa 8 a ƙasan ƙashin, yana kiyaye ta a nan. A hannu irin na mutuminmu ba ta nan, tana can ciki kusa da jijiyar jini, inda ƙarfen janye nama zai iya danne ta. Mai allurar kashe zafi shi ma haka. In za a yi tiyata a sangali, ana iya kashe hannun ta hammata ba tare da an sa mutum barci ba, kuma an san jijiyar tsoka-da-fata ce ke yawan kuɓucewa saboda tana barin sauran da wuri, don haka ake binta daban tsakanin ƙwanji da korako. In ba a can take ba, maganin ya tafi a banza. Na'urar sikanin da ake ɗorawa a hammata yanzu ta rage wannan matsala, amma sai mai riƙe da ita ya san abin da zai nema in bai ga jijiyar a mazauninta ba.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne rauni. A ce an soki mutumin nan da wuƙa a saman damtse, jijiyar tsoka-da-fata ta yanke sama da mahaɗar. Likita zai ga ƙwanji ya mutu, wannan daidai ne. Amma zai kuma ga raunin wasu ayyukan midiyan, kamar kifa tafin hannu ko jin fatar babban yatsa da manuniya, alhali midiyan ɗin ba a taɓa ta ba. In bai san da wannan haɗi ba, zai yi ta neman rauni na biyu da babu shi.

Mu a garin nan raunin sarƙar jijiyoyin hannu ba baƙo ba ne, saboda babur. Mutum ya faɗo, kafaɗa ta daki kwalta, kai ya sunkuya ɗaya gefen, sai kututturen sama, na C5 da C6, ya miƙe ko ya tsinke. Hannu ya saki a gefe, kafaɗa ba ta ɗaguwa, gwiwar hannu ba ta lanƙwasuwa, yatsu kuwa suna motsi. Irin shanyewar da Erb, likitan Jamus, ya bayyana a 1874 ke nan, kuma ana ganinta a jariran da kafaɗarsu ta maƙale wajen haihuwa. Cikin hanyoyin gyara akwai wadda Oberlin na Faransa ya wallafa a 1994: a ɗebi wani ɓangare na zaruruwan alna a ɗinke shi da reshen da ke shiga ƙwanji, don gwiwar hannu ta dawo aiki. Duk aikin ya rataya ne a kan samo wannan ɗan reshe a tsakiyar damtse. Dakta ya sa kowannenmu ya nuna reshen a hannun dama, sannan a hagu, mu ga da idonmu cewa daga wurare daban suka taso.

Bayan damtse bai ba mu wahala ba. Radiyal na kwance a kwarinta a jikin ƙashi tare da jijiyar jininta, manne da ƙashin sosai, har na gane dalilin da karayar tsakiyar damtse ke sa wuyan hannu ya langaɓe, da dalilin da ɗorin da aka ɗaure tamau ke ƙara ɓata lamarin. Aksilari ma tana inda aka ce. Dakta ya sa mu shafa ƙashin ta ciki, kimanin santimita 5 sama da ƙullutun gwiwar hannu, ko za mu ji wani ɗan tsini. Kusan mutum 1 cikin 100 yana da shi, da wata igiyar nama da ta tashi daga tsinin zuwa ƙullutun, midiyan na wucewa ta ƙarƙashinta, wani lokaci ta matse ta. Struthers, masani ɗan Sukotlan, ya bayyana shi a 1848, kuma a jikin kyanwa cikakken rami ne a ƙashin. Namu ba shi da shi. Teburin da ke kusa da mu kuwa sun samu ƙwanji mai kai uku maimakon biyu, suka zo suna mana alfahari.

An yi gardama a aji a kan jarrabawa. Wasu suka ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda abin da ke littafi za a tambaya. Ni ina ganin suna da rabin gaskiya: wanda bai riƙe tsarin da aka saba da shi da kyau ba, ba zai ma gane ya ga saɓaninsa ba, da mu ma ba mu san akwai abin da ya ɓace ba. Amma littafi abin da ya fi yawa ya zana, kuma ɗalibi kan ɗauka shi ke nan abin da ke akwai. A jarrabawar gani-da-ido, wadda ake jera sassa a tebura ana kaɗa ƙararrawa kana matsawa gaba, sai ga hannunmu na dama, an soka allura a jijiyar tsoka-da-fata daidai inda take kwance a jikin midiyan. Da yawa daga wasu tebura suka rubuta midiyan, don a wurin midiyan suka gan ta. Da suka kai kuka, Dakta ya ce duk wanda ya bi ta da ido zuwa ƙasa zai ga ta shige ƙarƙashin ƙwanji, kuma an kira kowa ya gani ranar da aka same ta. Bai mayar wa kowa maki ba. Mu 'yan teburin muka sha harara har mako ya zagayo.

Da muka sauka sangali, an gargaɗe mu tun kafin mu sa almakashi cewa a nan ma akwai wani haɗin da aka sani, reshe daga midiyan zuwa alna, wanda Martin na Suwidin ya fara bayyanawa a 1763, Gruber ya ƙara bayani a 1870. Shi ne ke rikita masu gwajin gudun saƙo a jijiya, kuma yana iya sa a ga ƙananan tsokokin tafin hannu na aiki bayan alna ta yanke a gwiwar hannu. Wannan karon ba wanda ya yi saurin share kitse. Muka ɗaga tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, muka bi midiyan da reshenta na can ciki, muka bi alna daga ƙullutu har wuyan hannu. A dama babu, a hagu babu. Muka rubuta rashin samun a takarda ɗaya da abin da muka samu a damtse, Dakta ya sa hannu, Baba kuma ya ware hannun daman ya sa masa lamba ya ajiye a tankin fomalin don 'yan aji mai zuwa.